Azuzuwan da Majalisa Ta Ba Mu

An turo ni hedimasta a ƙauyen ne a shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makarantar boko, kuma kyauta. Kafin nan ina koyarwa a Kangire, inda nake da aji nawa na kaina, kowane yaro da wurin zamansa a benci. Ban san daɗin da nake ciki ba sai da na bar shi. Sabon wurin yana tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, wani rafi ya ratsa garin ya raba shi biyu. Da rani yashi ne kawai, da damina yakan kai wa babban mutum ƙugu. Manoma sun fi yawa a ɓangaren Birnin Kudu, masu shanu da suka zauna tun kaka da kakanni suna ƙetare, ɓangaren Gwaram. Makarantar a bakin rafin take, yara kuma daga kowane ɓangare suke zuwa.

Azuzuwa biyu muke da su na bulo da rufin kwano, sai wani ɗan ɗaki da ake kira ofishina. Yaran da ba su samu wuri a ciki ba suna gindin tsamiya. Haka muka yi ta lallaɓawa har mulki ya koma hannun farar hula. A farkon daminar da ta biyo baya, wata rana da la'asar bayan an tashi yara, iska ta taso gaban hadari ta ɗauke rufin gaba ɗaya, har da katakon. Ina tsaye a ƙofar gidana na ga kwanon yana tafiya a sama yana ƙara. Na gode wa Allah da babu kowa a ciki, na kuma ɗauka cikin sati biyu ko uku za a gyara.

Washegari na hau keke zuwa ofishin ilimi a Birnin Kudu. Sakataren ilimi mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ce wa kowa a'a ba, bai kuma cika cewa to ba. Ya saurare ni har na gama, ya yi mini jaje kamar an yi rasuwa.

Ya ce, "Malam, da taga ce ta ɓalle ko ƙofa, namu ne. Rufi gaba ɗaya kuwa babban aiki ne, manyan ayyuka kuma jiha ke yin su. Sai an sa a kasafin kuɗi."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, a sa mana."

"Na bana an wuce shi. Sai na baɗi."

"Ruwan fa na bana ne."

Ya yi murmushi, ya gyara zama, ya shiga bayyana mini yadda abin yake tafiya. Su za su rubuta wa ma'aikata, ma'aikata ta haɗa da na sauran garuruwa ta kai wa gwamna, gwamna ya je ya karanta a gaban majalisar dokoki, majalisa ta miƙa wa kwamitin ilimi, kwamiti ya duba ya dawo da shi, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a, sannan a mayar wa gwamna ya sa hannu. Ya ce a kowace ƙofa daga cikin waɗannan ana iya zare sunan makaranta ba tare da kowa ya sani ba, sai fa in tana da mai tsaya mata. "Kana da ɗan majalisa? Bi ta nan."

Ina da shi kuwa. Ɗan majalisa mai wakiltar Birnin Kudu abokina ne, tare muka yi kwalejin horon malamai, ɗaki ɗaya muka kwana shekaru. Tun a lokacin ba a kayar da shi a gardama. Na same shi a gida ranar Asabar, zaure cike da masu neman aiki da masu neman taki. Yana ganina ya miƙe ya rungume ni, ya sa aka kawo fura. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya dafa kafaɗata.

"Wallahi abin ya taɓa ni. Amma ka san makarantar nan a ƙasar Gwaram take. Akwatin zaɓenku can aka kai shi. In na sa baki za a ce na shiga hurumin wani. Je ka ga Alhaji."

Alhajin shi ne ɗan majalisar Gwaram, dattijo, tsohon mai sayen gyaɗa da ya mallaki manyan motoci. Jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce da abokina, ko gaisawa ba sa yi sai dole. Na bari sai ranar kasuwar Gwaram, na same shi a rumfarsa yana cin rogo da ƙuli. Bai bari na kai ƙarshen magana ba.

"Ɗana, wane ofishi ke biyan ka albashi?"

"Na Birnin Kudu, Alhaji."

"Dagacinku ina yake kai gaisuwa?"

"Birnin Kudu."

"To me ya kawo ka wurina? Koma wa wancan mai Turancin."

Haka na wuni a hanya na dawo. Daminar nan duka na yi ta a kan keke tsakanin mutanen nan biyu, har sai da na canza taya. A makaranta kuwa aikina ya koma kallon sama. Da na ga gabas ta yi baƙi sai in kaɗa ƙararrawa a sallami yara, don na ƙetare su haye kafin rafi ya kawo. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Wani makiyayi ya tare ni a hanya ya ce, ba da faɗa ba, tunda kullum korar su muke yi kafin azahar, gara nasa su bi shanu a san abin da suka yi da ranar. 

Dagacin garin tsoho ne mai wayo, ba ya son hayaniya. Shi ya fara cewa a tara mutane, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a yi wa azuzuwan rufi ko na ciyawa ne. Na kai wannan magana wurin abokina, ya kama baki.

"Kada ku soma! In kwamiti ya zo ya ga rufi, me zai rubuta? Zai ce ba ku da matsala. Ku bar shi a buɗe a gani."

Wannan ce magana ɗaya tak da shi da Alhaji suka yarda a kanta, don da na je Gwaram shi ma haka ya ce. Muka bar azuzuwa a buɗe, ruwa yana dukan allo da bango, don a gani.

Da dagaci ya ga abin ya ƙi ƙarewa, sai ya yi dabara. An yi masa jika, ya aika wa kowannensu goron suna ba tare da ya faɗa masa ɗayan zai zo ba, ya kuma ce gidansa ya yi kaɗan, a filin makaranta za a yi addu'a. Suka zo, aka shimfiɗa musu tabarma ɗaya a jikin bangon da ba rufi. Bayan an shafa fatiha, dagaci ya ce ga manya sun zo, ko za su ce wa talakawa wani abu.

Abokina ya miƙe ya ce in sha Allahu kasafin baɗi ba zai wuce ba sai da rufin makarantar nan a ciki. Aka yi tafi. Alhaji ko miƙewa bai yi ba, daga zaune ya ce, "Rufi? Wannan tsohon ginin za a tsaya yi wa faci? Ni sabbin azuzuwa zan sa a gina." Tafin ya fi na farko. Abokina ya sake tashi ya ce dama bai gama ba, sabbin azuzuwa da gidan malamai. Alhaji ya ƙara da rijiya. Kafin a raba waina, an gina mana abin da ya kusa zama kwaleji a bakin rafin nan, mutane sai murna suke yi.

Na ja abokina gefe na ce, "Ni fa rufi nake nema. Kwano da katako da ƙusa."

Ya ce, "Kai matsalarka ke nan tun muna makaranta, ƙaramin buri. Ƙasar nan man fetur take haƙowa, kana maganar ƙusa."

Kwamitin ilimi ya zo bayan kaka. An aiko mana cewa da hantsi za su iso. Mata suka yi girki tun asuba, dagaci ya yanka rago, muka jera yara a rana suna waƙar maraba har muryarsu ta dushe. Sai gab da magariba motoci suka shigo. Shugaban kwamitin ya leƙa aji ɗaya, ya ɗaga kai ya kalli sama, ya ce lallai babu rufi. Sannan ya tambaye ni me ya sa ba mu da tuta. Suka ci abinci a tsaitsaye suka wuce, don akwai sauran makarantu a gabansu.

Da lokacin muhawara ya zo, abokina ya aiko cewa in zo babban birnin jiha in gani da idona ranar da za a yi maganar ilimi. Dagaci ya ce ƙafarsa ƙafata. Muka shiga motar haya, kiya-kiya, daga Birnin Kudu, muka kwana a gidan wani ɗan garinmu, da safe muka tafi majalisa. Aka hau da mu bene inda baƙi ke zama. Sanyin na'ura ya cika ɗakin, dagaci ya naɗe hannuwansa cikin babbar riga yana tambayata ko haka suke wuni kullum. A ƙasa ga kujeru masu laushi a jere, ga Kakakin majalisa a can sama, ga wata sanda mai ƙyalli an kwantar a kan tebur.

Safiyar duka a kan gidajen 'yan majalisa da motocinsu ta tafi. A nan ban ga jam'iyya ba, kowa bakinsa ɗaya. Sai bayan azahar aka shiga ilimi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji maganganu masu ma'ana. Wasu suka ce a zuba kuɗin a makarantun sakandare na kwana, domin yaran da aka ɗiba da yawa a firamare sun kusa fitowa kuma babu inda za a kai su. Wasu suka ce ina amfanin sakandare in yaro ya gama firamare bai iya rubuta sunansa ba, a fara biyan malamai albashi a kan kari. Wani siririn mutum daga can baya ya ce a daina gina sabo alhali tsoho yana rushewa, a ware wani abu don gyara kawai. Na ji kamar in sauka in riƙe masa hannu. Babu wanda ya goya masa baya, don gyara ba a yi masa bikin buɗewa.

Sannan abokina ya miƙe. Na san ya iya magana, amma ban taɓa jin sa kamar ranar ba. Da Turanci ya yi, ina fassara wa dagaci a kunne. Ya kawo makarantarmu misali. Ya faɗi yadda yara ke zama a ƙasa ruwa yana zuba a kansu, yadda hedimasta ya koma mai duban hadari, yadda ƙanana ke haye rafi da littafi a ka.  Ni da nake cikin abin sai da idona ya kawo ruwa. Ya rufe da cewa wannan makaranta tana cikin mazaɓarsa, kuma ba zai yi barci ba sai an share mata hawaye.

Alhaji ba ya jin Turanci sosai, amma wani na kusa da shi ya raɗa masa. Sai ga shi tsaye, da Hausa, murya har bene.

"Mai girma Kakaki, a gyara magana! Makarantar nan a mazaɓata take. Ni na fara cewa a gina ta, a gaban jama'a, ranar suna."

Abokina ya ce albashin malamanta daga Birnin Kudu yake fita. Alhaji ya ce akwatin zaɓenta Gwaram aka kai. Na zauna ina jin kowannensu yana jifan ɗan'uwansa da hujjar da ɗayan ya kore ni da ita. 'Yan jam'iyyar wannan suka tashi, na wancan suka tashi, aka shiga dukan tebur. Kakaki ya yi ta buga gudumarsa. Da ƙyar aka lafa, ya yanke cewa a mayar da maganar ga kwamiti ya binciko inda makarantar take. Nan take wani ya tambaya wane kwamiti, na ilimi ko na ƙananan hukumomi. A kan wannan aka ci sauran lokacin, aka ɗage zama.

Muna saukowa daga bene dagaci ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, an ba mu ne ko an hana mu?"

Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba."

Ya ce, "Da sun tambaye ni inda take, ai ina zaune a sama."

Muka koma gida muka ci gaba da bin labari a rediyo. Yau a ce majalisa ta ƙara wani abu ta mayar wa gidan gwamnati, gobe a ce an dawo mata da shi ba a sa hannu ba. Kowace yamma mutane sukan taru a ƙofar gidana su tambaye ni me aka ce, ni kuma in yi ta juya magana don ban san yadda zan bayyana wa manomi cewa an shiga wata na huɗu na shekara ba a gama shirin kuɗin shekarar ba. Damina ta biyu ta same mu ba rufi. Bangon aji ɗaya ya tsage daga sama har ƙasa, na hana yara matsawa kusa da shi.

Ana tsakiyar noman farko sakataren ilimi ya aiko in zo. Na same shi da fara'a. Ya ce in yi murna, an sa hannu, kuma an ba mu sabbin azuzuwa.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Rufin tsofaffin fa?"

"An cire shi. Ba a gyara tsoho a inda za a gina sabo."

"To yaushe za a fara sabon?"

"Sai an ba da kwangila. Ka san ba a gini da damina."

Ɗan kwangila ya zo da rani, da motar yashi da injin kwaɓa siminti. Sau biyu aka yi bikin aza harsashi. Abokina ya zo da mutanensa ranar Alhamis ya ɗora bulo aka ɗauki hoto. Alhaji ya ji labari, ya zo da nasa mutanen da makaɗa, aka ɗaga bulon nan aka ba shi ya sake ɗorawa. Duka biyun mu muka yi girki. Amma gini ya tashi, ba ƙarya. Na riƙa zuwa kowace safiya ina shafa bango, yara suna leƙe suna rabon wuraren zama tun ba a yi daɓe ba. Har makiyayin nan ya dawo da 'ya'yansa.

Ginin ya kai daidai taga sai aka fara cewa a rediyo man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnati za ta tsuke bakin aljihu. Wata safiya na tarar ana ɗora injin siminti a mota. Ɗan kwangilar ya ce ba a biya shi kashi na biyu ba, in an biya zai dawo. Ban ƙara ganin sa ba. Abokina ya ce za a sa mu a ƙwarya-ƙwaryar kasafi, wato ƙarin da akan yi a tsakiyar shekara. Alhaji ya ce abokina ne ya hana. Zaɓe ya matso, kowannensu ya hau mota da lasifika yana faɗa wa mutane shi ya kawo musu makaranta.

Dagaci ya ce to tunda ga bango an samu, a ƙara masa tubali a ɗora azara da ciyawa. Na je neman izini. Sakatare ya ce ko kusa, ginin yana hannun ɗan kwangila, ba a miƙa shi ga hukuma ba, wanda ya taɓa shi zai amsa tambaya. Na ce to a bar mu mu rufe tsohon. Ya ce tsohon an soke shi a takarda, ba a san da shi ba. A ranar na ɗaga murya a ofishin gwamnati, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ina da azuzuwa iri biyu, ɗaya babu shi a takarda, ɗaya babu shi a ƙasa, yara kuma suna gindin tsamiya shekara ta uku. Ya ba ni haƙuri, ya ce in sha ruwa.

Bayan zaɓe da 'yan watanni muka wayi gari rediyo yana kiɗan soja. Aka ce an rushe majalisu duka. Wasu sun yi murna a garin. Ni ban yi ba, duk da abin da na sha. Ko ba komai, a da ina da ƙofar da zan buga a ce mini in je gaba. Yanzu ko wanda zai kore ni babu.

Da hantsi dagaci ya zo makaranta da sandarsa, ya tsaya yana kallon bangon da ya tsaya a taga.

Ya ce, "Malam, yanzu wa zai hana mu?"

Na ce ban san kowa ba. Cikin satin aka fara. Manoma suka buga tubali suka ƙarasa bangon da ƙasa a kan siminti, mutanen ƙetare suka kawo azarar giginya a kan shanu da ciyawa dami-dami, mata suka yi ta jido ruwa daga rafi. Ginin da ya fito ba kyau gare shi ba, rabi fari rabi ja, amma da ruwan farko ya sauka muna ciki muna darasin lissafi, ban kaɗa ƙararrawa ba.

Abokina ya koma aikin gwamnati, aka ba shi sufeton makarantu. Wata rana sai ga shi a kan babur, ya rame, babu rakiya. Na ji tausayinsa, na kai shi gida muka ci tuwo, muka yi hirar kwaleji har muka yi dariya. Sannan ya ce bari ya zaga ya yi aikinsa. Ya shiga sabbin azuzuwan, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ciyawar, ya fito da biro.

Ya ce, "Ka san wannan ya saɓa ƙa'ida. Rufin ciyawa a ginin gwamnati, in gobara ta tashi fa? Dole in rubuta. Kafin in dawo a cire shi."

Na dube shi, na ga da gaske yake. Na ce masa tsani yana bayan ofis, in ya shirya ya hau ya cire da kansa, zan tara masa iyayen yara su riƙe masa. Ya ce ni dai ba na canzawa. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya buga babur ɗinsa ya tafi, ni kuma na koma aji don yara sun fara surutu.